Rishon da Sakiusa Ya Goya

"Ba a haifi mutumin da zai raba ni da rishon nan ba," in ji Sakiusa, yana shafa baƙin akwatin robar da ke kan cinyarsa. "In ma an haife shi, to bai iso tsibirin nan ba tukuna."

A rumfar shan yangona, jiƙon saiwar da mazan ƙauyenmu ke taruwa su sha a ƙoƙo, ya yi wannan cika bakin, kwana biyu da dawowarsa daga Ostireliya, inda ya yi wata bakwai yana tsinkar lemu. Abokan tafiyarsa wani ya dawo da kwanon rufi, wani da injin kwalekwale. Shi Sakiusa risho ya kawo mana. Ba irin na kananzir mai hayaƙi ba, ɗan ƙarami ne na gas, irin wanda Turawa ke ɗauka idan sun gaji da gidajensu masu kyau suka tafi kwana a daji.

Ya buɗe akwatin a hankali kamar mai buɗe Littafi Mai Tsarki. Ya saka gwangwanin gas, ya murɗa wani ɗan maɓalli. Ƙas! Sai ga wuta shuɗiya, ba hayaƙi, ba fifita, ba hawaye. Tsofaffi suka miƙo wuya. Kafin su gama mamaki ya kashe.

"Ya isa haka. Kallo ma yana cin gas."

Peniasi, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa ya goge baki.

"Taubashi, ina rediyon da ka kawo daga birnin Suva bara waccan?"

"Tana gidan Kawu."

"Ina takalman ƙwallo?"

"Wannan tsohon labari ne."

"Na ga ƙafar dama a ƙauyen gaba, ta hagu kuma an ce ta yi aure a wani tsibiri. To shi ma wannan na ba shi mako guda."

Aka kwashe da dariya, don kowa ya san abin da yake nufi. A ƙauyenmu idan ɗan'uwa ya shigo gidanka, ya zauna a tabarma, ya tafa hannu ya ce kerekere, to magana ta ƙare. Abin da ya roƙa ya zama nasa, sai dai ka bi shi da godiya don ya tuna da kai. Kalmar "a'a" muna da ita, amma karnuka muke faɗa wa.

Sakiusa ya miƙe da akwatinsa a hammata. "Ku kun zauna a nan kwakwa na faɗo muku a ka. Ni na ga duniya. Kafin a roƙe ka, ai sai an same ka a zaune a gida, ko ba haka ba? To daga yau inda ƙafata take, nan rishona yake. Ku zo ku tafa wa bango."

Washegari da safe ya naɗe akwatin da tawul ɗin matarsa, ya zura shi a buhun shinkafa, ya ɗaure da zani a bayansa, ya nufi gonar rogo. Matan da ke wanki a rafi suka tsaya.

"Barka da arziki, Sakiusa! Mace ce ko namiji?"

"Allah ya raya! Ya fara haƙori?"

"Ku dai rage murya, kada ku tashe shi!"

Bai kula su ba. Ya hau tudu da ƙirji a gaba. An yi ruwa kwana uku, hanyar ta zama kamar an zuba mata man kwakwa. Ƙafarsa ta zame. Duk mai hankali da baya zai faɗi, amma baya akwai jariri, don haka Sakiusa ya juya a sama kamar kyanwa, ya sauka da fuska, ya gangaro a kan cikinsa har bakin rafi. Zanin da ke ƙugunsa kuwa ya ga tafiyar ta yi masa sauri, ya tsaya a kan wani kututture can sama.

Matan suka juya baya saboda kunya, kafaɗunsu na rawa. Ɗaya ta miƙo masa jiƙaƙƙen zani ta baya.

"Yaron bai ji ciwo ba dai?"

Haka aka yi kwana biyar. Ya je gona da shi, ya je wanka da shi, ya je coci ya zauna a kansa. Ba a dafa ko ruwan shayi da shi ba. Matarsa Litiana tana durƙushe a madafa tana hura jiƙaƙƙen itace, idanunta jajir.

"Baban Mereoni, wai rishon nan na girki ne ko na goyo?"

"Ke ba ki gane ba. Idan aka ga girki na fita daga gidan nan babu hayaƙi, ai an san yana gida."

"To sannu. Ni da na auri mai risho nake shan hayaƙi don kada a san muna da risho. Lallai ka ga duniya."

Rana ta shida yana zaune a ƙofar gida yana goge akwatin, sai ya hango Gwaggo Akosita tafe da sandarta. Yayar babansa ce, ita ta goye shi da uwarsa ta rasu. Hayaƙi ya cinye mata ido har sai ta matso kusa take gane mutum, amma hanyar gidan Sakiusa ko a rufe da ido ta san ta. Kuma ta sa rigar zuwa coci ranar Laraba. Wanda ya sa rigar coci ranar Laraba ba gaisuwa ta kawo shi ba.

Sakiusa ya suri akwatin ya faɗa ɗaki, ya fita ta taga. Ya bi bayan gidaje a sunkuye, ya tura ɗan kwalekwalensa cikin teku, ya tuƙa kamar ana binsa da adda. Sai da ya wuce inda ruwa ke karyewa a kan duwatsu ya tsaya yana haki, yana dariya.

"To a tafa wa teku."

Tekun kuwa kamar ya ji. Wata igiyar ruwa ta taso ta gefe. Hannu biyu gare shi, abubuwa biyu ne a gabansa, filafili da risho. Ya ɗaga risho sama da hannu biyu. Filafilin ya yi sallama ya kama hanyar ƙasar Tonga.

Ya yi rabin yini ruwa na yawo da shi, rana na gasa shi, ga risho a cinya, ba ko kifi ɗaya da zai ɗora a kai. Da la'asar ya ji ƙarar inji. Cikin duk mutanen da Allah ya halitta, Peniasi ne. Sakiusa ya yi maza ya cusa akwatin ƙarƙashin koma, ya zauna a kai.

"Taubashi! Ostireliya za ka koma? Ai ba nan ce hanyar ba."

"Iska nake sha."

"Ka ƙoshi, ko in dawo gobe?"

Peniasi ya jefa masa igiya ya jawo shi. Duk tsawon hanya idon Peniasi na kan komar nan, wadda ta yi kusurwa huɗu kamar an koya mata.

A bakin gaɓa rabin ƙauye na jira. A gaba, a gindin kwakwa, ga Gwaggo Akosita a zaune, ta shimfiɗa tabarmarta, rigar coci na nan a jikinta. Ta gyara zama, ta ɗaga tafukanta za ta tafa.

"Ya faɗa teku!" Sakiusa ya yi ihu tun ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba. "Gwaggo, rishon ya faɗa teku! Igiyar ruwa ta fizge shi. Na bi shi, na nutse har sau bakwai, har wani kifi mai haƙora ya biyo ni. Dama ke na yi niyyar kai wa."

Hannuwan Gwaggo suka sauka. "Wayyo ɗana. Kai dai da ka fito da rai, ai shi ke nan."

"Sau bakwai," in ji Peniasi, yana kallon busasshiyar rigar Sakiusa. "Rana ta yi ƙoƙari yau."

Kafin rana ta faɗi Gwaggo ta aiko masa da damin busasshen itacen da take tattali tun farkon damina, wai kada Litiana ta wahala. Sakiusa ya kalli damin, abin ya ɗan taɓa shi. Ya taɓa shi kamar na minti biyu. Sannan ya koma tunanin inda zai ɓoye abin da ya riga ya nutse, a ƙauyen da ƙofofi ba su da makulli. Ko Litiana bai gaya wa ba, don ita da matan rafi bakinsu ɗaya.

Da dare ya ɗauko akwatin daga ƙarƙashin koma ya sa shi a cikin jinkar madafa, kaza ta hau ta yi ƙwai a kai, Litiana ta fara neman tsani. Ya mayar da shi bayan shingen alade. Kafin ya waiwayo aladen ya cinye marikin akwatin da kusurwa ɗaya, yana kallon sauran da sha'awa. Akwatin da ya tsallake jirgin sama da jirgin ruwa ba ƙwarzane, ga shi ya ƙare a cikin alade. Saura risho tsirara da gwangwaninsa.

Ranar Asabar ƙauye ya tashi da shirin tarbar sabon Fasto. Tun da safe aka haƙa ramin lovo, inda ake binne abincin biki ya gasu da zafin duwatsu, aka jibga itace, aka ɗora duwatsu suna yin ja. Peniasi ya bi gida gida yana shela.

"Za a shiga kowane ɗaki a kwashi tabarmi da tukwane! A ɗaga gadaje, a duba ƙarƙashi! Taubashi, da gidanka za mu fara, tunda kai ba ka da abin ɓoyewa."

Sakiusa ya ga an rutsa shi. Amma mai dabara ba ya rasa dabara. Ya zaga bayan madafa, ya naɗe rishon da ganyen ayaba, ya yanko reshen kwakwa ya kitsa a kai tsaf, yadda ake kitsa babban kifi idan za a gasa. Ya ɗaure bakin da shuɗin zaren kamun kifi, ya ɗora a kan maratayi, ya ja da baya yana yaba kansa.

"Wa zai nemi risho a cikin ganye? Kai, Sakiusa, Allah ya yi kai."

Ya yi wanka, ya ɗaura zaninsa mai kyau, ya tafi rumfar taro. Da yake danginsu ne masu zama kusa da akushin yangona, aka sa shi a sahun gaba, daf da mai gari da sabon Fasto. Aka miƙe igiyar da ke ɗaure a jikin akushin zuwa wajen baƙo. Daga wannan lokaci ba mai tashi, ba mai magana, ba mai tsallake igiya, sai an gama. Ko tari ya zo maka, haɗiye shi za ka yi.

Mai magana da yawun gari ya fara jawabi, ya ɗauko tarihi tun daga kwalekwalen kakanninmu. Sakiusa na gyaɗa kai irin na manya, sai idonsa ya faɗa waje. Ana kai ƙunshin abinci bakin rami. Ga alade, ga kaji, ga gwaza. Ga kuma Litiana, tana tafe tana fara'a, rungume da wani dogon ƙunshi mai shuɗin zare.

Ta miƙa wa Peniasi, wanda shi ne mai kula da rami. Muryarta har cikin rumfa.

"Ga na gidanmu! Ashe Baban Mereoni ya kamo kifi ya ɓoye don ya ba ni mamaki. Ji nauyi!"

"Lallai da nauyi," in ji Peniasi. "Wannan sai a sama, inda zafi ya fi taruwa."

Zufa ta karyo wa Sakiusa. Ya tuna hoton wuta da ke jikin gwangwanin. Ya tuna ranar da wani ɗan ƙasar Vanuatu ya manta irinsa kusa da wuta a gonar lemu, aka tsinci murfin tukunya a kan rufin maƙwabta. Ya sake dubawa. Wa ke zaune a kan kujera daf da ramin, tana ba da umarni da sanda? Gwaggo Akosita.

Ya fara ja da baya da mazaunai, kaɗan kaɗan. Wani dattijo ya dafa masa gwiwa ya zare ido. Ya dawo. Ya ɗaga gira ga Peniasi, ya karkata baki, ya kaɗa kai. Peniasi ya ɗago masa hannu cikin fara'a, ya ɗora ƙunshin a kan tulin. Aka fara rufawa da ganye. Mai jawabi kuwa yanzu ya iso zamanin kakan kakansa.

Aka shimfiɗa buhuna. Peniasi ya ɗebo ƙasa da shebur.

Sakiusa ya tashi tsaye a gaban mai gari. Ya tsallake igiya. Ƙafarsa ta baya ta kama ta, akushin ya tuntsure, yangonar da aka tace wa baƙo ta malale a cinyar sabon Fasto. Tsofaffi suka yi salati irin nasu. Shi kuwa ya riga ya kai bakin rami.

"A buɗe! A fito da kifina!"

Peniasi ya dogara da shebur. "Haba taubashi. Ka ba Fasto kifi, kuma ka dawo karɓa?"

"Bai... bai yi kyau ba. Ya kwana."

"Wuta za ta gyara shi."

"Mai guba ne!"

"Sai mu ba ka kai ka fara ci."

Peniasi ya watsa ƙasa shebur guda. Jama'a sun fito daga rumfa sun kewaye su, mai gari a gaba, Fasto na matse zaninsa.

"Peniasi, don girman Allah, zai fashe!"

"Kifin?"

"Akwai gas a cikinsa!"

Peniasi ya dafe ƙirji ya juya ga jama'a.

"Jama'a ku ji ikon Allah! Rishon da ya faɗa teku, kifi ya haɗiye shi, kifin kuma ya zo ya faɗa komar mai rishon! Fasto, ka zo da sa'a, ga wa'azin gobe ka samu. Haka aka yi, ko taubashi? Ka ce haka aka yi, in rufe ramina."

Sakiusa ya buɗe baki. Ƙaryar ta yi masa kyau, har ya fara auna ta. Sai ya ga Gwaggo ta matso da kujerarta kusa don ta ji da kyau.

"Babu kifi!" ya kurma ihu. "Risho ne! Bai faɗa teku ba! Ni na ɓoye shi don kada Gwaggo ta roƙa! Ku gudu!"

Aka watse. Mata suka suri yara, kaji suka bi ta ƙafafun mutane, mai gari da aka ce gwiwarsa ta hana shi zuwa gona shekara uku ya tsallake kwatami ba sanda. Fasto ya ɓuya a bayan bishiyar gwanda wadda ba ta kai kaurin hannunsa ba. Sakiusa ya ɗauki Gwaggo da kujerarta ya dire ta can gefe, ya dawo ya yaye buhuna, ya tona ganye da hannu, tururi na dukan fuskarsa. Ya fizgo ƙunshin yana "wash, wash," ya ruga da shi ya dulmiya a randar ruwan sama, ya kwanta a ƙasa ya toshe kunnuwa.

Shiru. Sai wani ɗan kumfa da ya taso, ɓul.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Peniasi na nan dogare da shebur. Ya sa hannu a aljihun zaninsa, ya fito da gwangwanin gas, ya kaɗa shi kusa da kunne.

"Wannan kake nema? Tun da safe na cire shi, lokacin da kake wanka kana waƙa. Kitsonka ya yi kyau, taubashi, sai dai ban taɓa ganin kifi mai kusurwa huɗu ba."

Mutane suka fara fitowa daga maɓoyarsu ɗaya bayan ɗaya. Litiana ta tsamo ƙunshin, ta tsinke shuɗin zaren, ta warware ganyen a gaban kowa. Ga risho nan, yana ɗigar ruwa, yana ƙamshin gasasshen alade. Ta kalle shi, ta kalli mijinta.

"Sau bakwai ka nutse," ta ce.

Peniasi ya goge shi da gefen zani, ya saka gwangwanin, ya murɗa. Ƙas. Ƙas. Ƙas! Wuta shuɗiya ta tashi. Ramin lovo kuwa na can a buɗe, zafinsa ya tafi sama, aladen Fasto ko ɗumi bai gama yi ba.

Gwaggo Akosita ta sauko daga kujera da ƙyar, ta zauna a ƙasa, ta gyara rigarta. A gaban mai gari, da Fasto, da duk wanda ke da kunne a ƙauyen, ta tafa hannu sau uku.

"Ɗana, kerekere."

Sakiusa ya duba hagu, ya duba dama. Babu taga, babu kwalekwale.

"Naki ne, Gwaggo," ya ce da wata 'yar murya. "Na gode da kika tuna da ni."

"Allah ya yi maka albarka. Sai dai ni ba zan iya ɗauka ba, kuma an ce duk tsibirin nan ba wanda ya iya riƙonsa kamarka. Kai za ka kai mini. Ranar Litinin ka zo ka kai wa matar Fasto, ta roƙe ni tun jiya da suka sauka. Laraba kuma na gidan mai gari ne."

"Tun jiya?" in ji Sakiusa. "Jiya ai yana cikin teku."

"Haka Peniasi ya ce za ka ce."

Litiana ta kwance ɗankwalinta ta miƙa masa. Matan rafi suka matso, suka ɗora masa rishon a baya, suka ɗaure tam, ɗaya har da ɗan jijjiga shi.

"A hankali dai, uban goyo," ta ce. "Hanyar gidan Gwaggo akwai santsi. Wannan karon ka riƙe zaninka."